Sunayen da Abdulnasir Ya Bari

Sauda ta fara aiki a ofishin Malam Mourtala da farkon damina, wata biyu bayan rasuwar Abdulnasir. Ba ta taɓa ganinsa ba. Abin da ta sani game da shi bai wuce wanda aka gaya mata ranar farko ba: ɗan Djougou ne, shi ya zana kusan dukan aikin, ciwon hanta ya mayar da shi gidan iyayensa, bai sake dawowa Parakou ba. Teburinsa aka ba ta, wanda ke jikin taga, inda ake hango rufin kwanon gidajen unguwar Titirou har zuwa inda itatuwan mangwaro suka tare ido.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kanti na masu sayar da taya. Mutum huɗu ne a ciki, duk maza sai ita. Abin da suke zanawa pus ce, ƙaramar ƙwayar lantarki irin ta katin waya, wadda za a sa cikin ɗan kunnen roba a maƙala wa saniya. Idan aka kara na'ura kusa da kunnen, sai ta faɗi mai saniyar da garken da ta fito. Fataken shanu na yankin Borgou ne suka nemi a yi musu, don rigimar shanun sata ta ishe su a kasuwanni.

Ba a zana pus gaba ɗaya. Yanki-yanki ake zana ta a kwamfuta, kowane yanki da aikinsa, kuma a bakin masu sana'ar ana kiransa selil. Kowane selil yana da suna, da sunan ne babban zane yake kiransa ya zauna a gurbinsa. Masana'antar da za ta ƙera musu pus ɗin tana ƙasar waje, kuma ta aiko da sharaɗi: sunaye su bi tsari ɗaya, kada a sami biyu masu suna ɗaya. Idan aka samu, injinsu zai ɗauki ɗaya ya yar da ɗayan ba tare da ya gaya wa kowa ba, sai bayan wata huɗu a kawo maka abin da ba ya aiki.

To Abdulnasir bai bi wani tsari ba. Selil ɗari da goma sha biyu ya bari, ya raɗa musu sunayen da suka zo masa: bayan_masallaci, bakar_saniya, kofar_kasuwa, goron_sallah, kolokonde, tsohuwar_rijiya. Yana raye ba wanda ya damu, domin ana tambayarsa yake faɗin ko wanne ne. Aikin da aka ɗauki Sauda ta yi shi ne ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ta gane aikin kowanne, ta ba shi sunan da ya dace kafin ƙarshen wata.

Ranar Talata ta zauna ta tsara ƙa'idarta. Da farko gajeren sunan aikin selil ɗin da Faransanci, sai girmansa, sai lamba. Ta sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango a shagon ƙasa, ta ja layi a tsakiyar shafi, tsohon suna a hagu, sabo a dama. Haka ta saba tun tana makaranta a Cotonou, sai ta rubuta da hannu kafin ta taɓa inji. Ba ta nuna wa kowa kayen ba, a jakarta yake kwana. A layi na arba'in da ɗaya hannunta ya yi gaggawa, maimakon comp ta rubuta cmop. Ta ga kuskuren, ta ce za ta gyara in ta zo shigarwa, ta wuce.

Kwana uku aikin yana tafiya lafiya. Wani lokaci har murmushi take yi ita kaɗai, domin ta fara gane hankalin mutumin. Selil ɗin da ke tare wuta idan ta yi yawa shi ya kira kofar_kasuwa. Wanda ke ajiye lamba ko an ɗauke wuta shi ne tsohuwar_rijiya.

Ranar Juma'a ta iso kan biyu da ya kira hasan da usaini. Ta buɗe su gefe da gefe. Duka biyun aikinsu ɗaya, karɓar wutar da na'urar karatu ke turowa ta iska. Girmansu ɗaya, layukansu ɗaya. Ta ɗora hoton ɗaya a kan ɗayan, ba abin da ya leƙo. Bisa ƙa'idarta suna ɗaya za su ci. Ta kira Malam Mourtala ya duba. Ya sunkuya ya kalli allon, ya ce Abdulnasir yana da wannan hali na kwafe abu ya manta da shi, ta goge usaini, duk inda zane ya kira shi ta mayar da shi hasan. Daga nan ya ɗauki dardumarsa, su ukun suka sauka zuwa masallaci.

Ofishin ya yi tsit. Masu sayar da taya na ƙasa ma sun rufe. Hadari ya taru ta gabas amma bai sauko ba, iska ta tsaya cik, ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Sauda ta zaɓi usaini ta danna gogewa.

Injin ya ƙi. Ya rubuto mata cewa wani yana da wannan selil a buɗe, sai ya rufe tukuna. A ƙarƙashi ga sunan mai riƙe da shi: abdulnasir.

Ta janye hannunta daga tebur. Ta waiga ta dubi sauran kwamfutocin uku, duk allonsu baƙi. Ta sake gwadawa, amsa ɗaya. Ta gwada buɗe hasan, ya buɗe, ta rufe. Usaini kaɗai aka riƙe. Sai a lokacin ta lura cewa kujerar da take kai an daidaita ta ne don mutum mai tsawo, kwana goma ke nan ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa sosai, ba ta taɓa tunanin saukar da ita ba. Ta tashi ta koma bakin matakala ta zauna har mutanen suka dawo.

Malam Mourtala bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce hakan yana faruwa idan aka ɗauke wuta mutum yana tsakiyar aiki, makullin da injin ke sa wa selil ɗin da aka buɗe sai ya maƙale. Ya buɗe wajen da injin ke rubuta ranar da aka sa makulli don ya nuna mata. Ranar da ke rubuce kwana tara ce bayan an binne Abdulnasir, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ya cire tabarau ya goge, ya ce agogon inji yana ɓata. Can kuma ya ce ko wani ne a Djougou ya kunna kwamfutar hannu ta marigayin, tunda da ita ya tafi gida, kuma tana iya shiga aikin daga nesa. Ya ce zai iya karya makullin yanzu-yanzu.

Sauda ta roƙe shi ya bari zuwa Litinin. Ta ce idan kwamfutar tana can ana kunna ta, gara a karɓo ta kafin wani ya ɓata zanen, kuma wataƙila akwai takardun da ya bari. Wannan dalilin ta faɗa. Ɗayan dalilin, wanda ba ta faɗa ba, shi ne ba ta son a sa ta sake danna wannan maɓallin.

Yayanta Ɗanbala mahauci ne, yana da rumfa a kasuwa, kuma ya san mahaifin Abdulnasir, Alhaji Illiyasu, shekara da shekaru a kasuwannin shanu. Dama yana da niyyar zuwa ganin wasu bijimai wajen Kolokondé. Da safiyar Asabar suka hau motarsa. Hanya ta yi kore shar, gonakin doya da masara dama da hagu, mata sun jera gawayi a bakin titi. Ɗanbala yana ta ba ta labarin Alhajin, yadda yake gane nauyin sa da ido, da yadda ya so ɗansa ya gaje shi amma yaron ya zaɓi boko. Sauda ba ta gaya masa zancen makullin ba.

Sun shiga Djougou kafin azahar. Gidan yana cikin tsohuwar unguwa bayan kasuwa, ta wani lungu da mota ba ta shiga. Alhaji Illiyasu dogo ne, siriri, yana zaune a zaure kan buzu. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka sake yi masa ta'aziyya. Da Ɗanbala ya faɗi abin da ya kawo ƙanwarsa, Alhajin ya dube ta ɗan lokaci, sannan ya aika ciki a gaya wa uwargida. Ɗanbala ya ce zai je Kolokondé ya dawo kafin la'asar, ya tafi.

Hadjo, mahaifiyar Abdulnasir, ita ta shigar da ita ɗakin. Ƙaramar mace ce mai sanyin murya. Da yake ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce shi. Ɗakin a share yake, katifa a naɗe, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ciro makulli daga bakin zanenta ta buɗe. Ta ce tun ranar sadakar uku ta kulle shi, makullin bai bar jikinta ba.

Kwamfutar tana ciki a naɗe da rawani. Sauda ta ɗaga ta, ta ga batirin ya kumbura har ya tsage bayanta. Hadjo ta ce tun kafin ya rasu ta daina kamawa, ruwa ne ya zubo mata daga rufi, ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ba ta sake kunnuwa ba.

Sauda ta ajiye ta a hankali. Ta tambaya ko ya bar wasu takardu. Hadjo ta ɗaga wasu riguna, ta miƙo mata kaye mai baƙin bango wanda gefensa ya lanƙwashe.

Shafukan farko zane-zane ne da lissafin wuta, da rubutu ƙanana masu karkata. Ta yi ta buɗawa. Wajen tsakiya ta iske shafi da aka ja wa layi daga sama har ƙasa. A hagu, bayan_masallaci, bakar_saniya, kofar_kasuwa. A dama sababbin sunaye. Gajeren sunan aiki, girma, lamba.

Da farko daɗi ta ji. Ashe ya fara aikin, kuma tunaninsu ya zo ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya yi karatun zai iya tsara haka. Ta ciro nata kayen daga jaka ta buɗe kusa da nasa don ta gwada. Layin farko ɗaya. Na biyu ɗaya. Ta bi da yatsa. Ba sunayen kaɗai ba, har jerin. Ita ba bisa haruffa ta bi su ba, yadda ta ga dama ta riƙa buɗewa, wani lokaci ta tsallake mai wuya ta dawo masa daga baya. Inda ta tsallake, ya tsallake. Inda ta dawo, ya dawo. Inda ta soke suna ta sake wani a samansa, shi ma ya soke ya sake.

A layi na arba'in da ɗaya ya rubuta cmop.

Ladan ya kira azahar a masallacin unguwa, wani ya karɓa daga nesa. Hadjo tana zaune a bakin gado tana kallon Sauda.

Nata jerin ya tsaya a layi na sittin da takwas, inda ta rubuta hasan ta bar dama fari. Nasa bai tsaya ba. Ya ba hasan suna, ya ba usaini wani daban, na farko ya ƙare da harafin da ke nufin dama, na biyu da mai nufin hagu. A gefen shafin, da Hausa, ya rubuta: Kada ki goge usaini. Ki kunna shimfiɗa ta uku ki gani.

Ta karanta sau uku. Ki. A ofishin nan ba a taɓa ɗaukar mace ba kafin ita. Ranar da aka binne shi tana Cotonou tana neman aiki, ba ta ma san da ofishin ba.

"Inna," ta ce, "yaushe ya rubuta wannan?"

Hadjo ta ce a makonni biyu na ƙarshe ne, bayan injin ya lalace. Da hantsi, idan zazzaɓin ya sake shi, sai ya ce a jingina shi da bango a ba shi kayen. Ta nuna wajen da yake zama, da wajen da yake kallo, wani fili a jikin bango kusa da taga inda ba komai sai farar ƙasa. Ya kalli wurin, ya sunkuya ya rubuta, ya sake ɗagowa ya kalla. Wani lokaci ya daɗe da alƙalami a hannu, kamar mai jiran a gama. Mahaifinsa ya ɗauka zafin ciwo ne, ya sa aka yi masa rubutu ya sha.

"Ni na tambaye shi," in ji Hadjo. "Na ce me kake kallo. Ya ce kwafa yake yi. Ya ce mai rubutun hannunta yana da kyau, sai dai tana da gaggawa."

Sauda ta rufe kayen biyu. Hadjo ta tashi ta kawo mata ruwa a kwanon sha, ta tsaya har ta sha, sannan ta ce ta zo su yi salla. Suka yi a tsakar gida. Bayan sun idar Hadjo ta daɗe tana addu'a, Sauda kuma ta kasa haɗa kalma biyu, sai amin kawai take cewa.

Da za su tafi, Alhaji Illiyasu ya ce ta tafi da kayen idan zai yi amfani, amma amana ne, a dawo wa uwarsa da shi. Ya tambaye ta ko aikin yaron zai fito. Ta ce in Allah ya yarda. Ya ce ya yi masa faɗa da yawa a kan wannan aiki, yana so ya ga abin nan da idonsa.

A hanya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, Ɗanbala ya rage gudu yana ta maganar tsadar bijimai. Ya lura ba ta amsawa, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce gajiya ce kawai.

Ranar Litinin ta jira sai da kowa ya zo ya zauna kafin ta kunna injin. Zanen pus hawa-hawa ne kamar bene, ana iya ɓoye wata shimfiɗa don a ga ta ƙasa da kyau. Ta duba, ta ga shimfiɗa ta uku a ɓoye take, tun ranar da aka ba ta teburin haka take, ba ta lura ba. Ta kunna ta. A cikin hasan wata siririyar waya ta bi ta dama. A cikin usaini ta bi ta hagu. Ɗaya yana karɓar rabin wutar, ɗayan yana karɓar sauran rabin. Da ta goge usaini ta sa hasan a gurbinsa, da pus ɗin ba za ta taɓa farkawa ba, kuma gwajin da suka saba yi kafin aikawa ba lalle ya kama ba, tunda sunaye da mahaɗai duk za su yi daidai.

Ta kira Malam Mourtala ta nuna masa wayoyin. Ya tambaye ta yadda aka yi ta gano, ta ce a kayen marigayin ta gani. Ta nuna masa shafin, amma ba ta ciro nata ba. Ya karanta rubutun gefen, ya ɗan yi jim a kan kalmar "ki", ya dube ta, sannan ya ce ciwo yana sa hannu ya kuskure harafi. Ta ce haka ne.

Ya ce bari ya karya makullin don ta samu ta canza sunan. Da ya duba, babu makulli. Usaini ya buɗe kamar kowane selil. Ya tambayi sauran biyun ko wani ya taɓa, suka ce ba su taɓa ba.

Sauran sunaye arba'in da 'yan kai daga kayen Abdulnasir ta kwafe su. Takan rufe gefen dama da takarda, ta buɗe selil, ta yanke sunan da za ta ba shi a ranta, sannan ta zame takardar. Sau huɗu ta yi haka, sau huɗu yana zuwa daidai. Daga nan ta daina gwadawa, ta riƙa kwafa kawai. Sun aika zanen saura kwana biyu wa'adi ya cika, masana'anta ta karɓa ba ta dawo da ƙorafi ko ɗaya ba.

Pus ɗin ta iso bayan kaka, ɗari biyu a cikin wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu biyu ba. Alhaji Illiyasu ya ce a fara da shanunsa. Suka je Djougou su huɗu, aka kama wata jar karsana a garkensa na bayan gari, makiyayinsa ya riƙe ƙahon, aka maƙala mata ɗan kunnen. Malam Mourtala ya kara na'ura. Ta yi ƙara, sunan Alhajin ya fito a allo. Aka nuna masa. Ya sa aka matsar da na'urar aka sake karawa, ya sake kallo, sannan ya juya ya nufi inuwar wata ɗorawa ya tsaya shi kaɗai, aka ƙyale shi.

Sauda ta bar su a can ta shiga gari ta kai wa Hadjo kayen. Ta same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Hadjo ta goge hannu ta karɓa, ta juya shi, ta ga an haɗe shafukan ƙarshe da ƙaramin maƙalin ƙarfe. Ta tambaya ko ita ta sa.

Sauda ta ce ita ce. Bayan selil na ɗari da goma sha biyu akwai sauran shafuka goma sha ɗaya, duk da rubutu, ta ga shatin alƙalami ta bayan takarda. Ba ta buɗe ba. Aikin da aka ba ta a nan ya ƙare.

"Ni ban iya karatun boko ba," in ji Hadjo. "Babansa kuma ba zai buɗe ba."

Ta shiga ɗaki da kayen. Sauda ta ji ƙarar akwatin ƙarfe, ta ji an juya makulli. Da Hadjo ta fito sai ta turo mata kujera 'yar tsugunne da ƙwaryar gyaɗa, ta tambaye ta labarin mahaifiyarta da ko an yi ruwa sosai a Parakou bana. Suka yi ta ɓara suna hira har Malam Mourtala ya aiko aka ce mota tana jira a bakin kasuwa.